Fenti a Ƙarƙashin Wayar As

Talata, 5 ga Agusta, bayan La'asar

Na sayi littafin nan ne don zanen wayoyin mota, saboda kaina ya fara mantuwa. Yau wani abu daban zan rubuta, tunda ba ni da wanda zan gaya wa.

Ɗazu aka jawo motar daga hanyar garin Ƙofa, aka ajiye ta bayan rumfar Rabe. Tsohuwar bas ce da ƙungiyar unguwar su Zainu, surukina, ta saya don kawo marasa lafiya asibiti nan Kankiya. Ni na yi mata aikin wuta gaba ɗaya. Bayan na gama, Rabe ya yi mata walda da fenti. Shekara talatin da ɗaya rumfarsa tana jingine da tawa, kwano ɗaya muke ci.

Na bari gareji ya watse cin abinci, na shiga ƙarƙashinta.

Kullum ina gaya wa direbobi, har sun gaji da ji, wuta ba ta fita sai ta san hanyar komawa gida. Ta waya take fita daga batir, ta jikin ƙarfe take komawa. Shi ya sa ake ɗaura wayoyi uku masu kauri, waɗanda muke kira as: ɗaya daga batir zuwa shasi, ɗaya daga shasi zuwa inji, ɗaya zuwa bodi. A wannan motar noti ɗaya na haɗa su duka. Ka kankare ƙarfen da guntun zarto, faɗin kwabo, har ya yi fari. Ka ɗaure. Ka shafe da giris don kada ruwa ya shiga. A kan wannan shafawar aka laƙaba mini Ɗalha Giris tun ina saurayi.

Na kwance notin. Babu giris ɗina. Shuɗin fenti ne a ƙarƙashin wayoyin, mai kauri, har ya fito da shatar bakinsu. An kwance, an yi walda kusa da wurin, an fesa, an mayar a kan ɗanyen fenti. Rabe ba ya iya barin ragowar fenti a bindigar feshi, sai ya ƙarar da shi a ƙarƙashin mota.

Manu direba ya ce ya kashe ta ne a bakin wani kwari don ya duba zurfin ruwa, da ya murɗa makulli sai hayaƙi. Dole. Wuta ta rasa hanyarta, ta bi ta siririyar wayar totur ta narkar da ita.

Na mayar da notin yadda na same shi. Da na fito, Rabe yana tsaye bakin rumfarsa yana kallon ƙafafuna.

Laraba, 6 ga Agusta, da hantsi

An ƙara wa ta Ƙofa jini leda biyu. Lami matata, uwarta, tana wurinta a asibiti tun ranar Lahadi, ranar da motar ta tsaya da ita a hanya.

Ta Ƙofa nake ce mata tun da aka kai ta can. Kafin nan "yarinyar nan" ce. Ita ce 'yata ta fari, kuma ni mutumin da ne, shekara ashirin da shida sunanta bai taɓa fita daga bakina ba. Ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Rabe ne ya yi mini duk wannan. Shi ya kai ta makaranta a kan keke, shi take kai wa ƙara, shi ya ba da aurenta. Abin da na iya yi mata ranar jere shi ne na bi notinan gadonta ɗaya bayan ɗaya na shafe da giris, har ya ɓata sabon zanin gado. An ce ta yi kuka, ta ce Baba ko a Aljanna sai ya nemi ƙyauren da zai shafa wa giris.

Yau ma a gindin bishiyar bedi na tsaya, wajen ɗakin da aka kwantar da ita. Rabe ya shiga, ya daɗe.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan Azahar

An janye motoci biyu daga rumfata ba a gama su ba. Masu su sun gaishe ni da ladabi ƙwarai.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan an sauko daga masallaci

Na gaya masa. Mu biyu, a bayan rumfa.

Na ce, "Rabe, na kwance notin as. Na ga abin da ke ƙarƙashi."

Ya zauna a kan tsohuwar taya. Ya yi kuka, kuka na gaske, har da majina. Ya ce, "Wallahi Ɗalha ban san hakan na hana wuta ba. Na ga ta tashi lahiya lau, har sati ukku tana aiki."

Na ce sau nawa na faɗa a gabanka? Ya ce ya ɗauka surutuna ne kawai.

Ban yi masa faɗa ba. Kuskure ne, kuma wanda ya tafi ba zai dawo ba. Na ce masu janye mota su janye, garin ma duk ya ce aikina ne, ban damu ba. Abu ɗaya nake so. Ita ta Ƙofa ta san gaskiya. Kada ta zauna tana ganin hannun ubanta ne ya tsayar da motar nan a daji awa biyu da rabi. Ni ba zan iya zama gabanta in yi wannan magana ba, ya fi kowa sani. Shi take ji.

Ya kama hannuna biyu ya ce, "Ɗiyata ce. Ni za ni hwaɗa mata da bakina. Ba ni kwana biyu ta ɗan ji ƙarfi."

Na ji sanyi a raina. Har tuwo na ci da yawa.

Asabar, 9 ga Agusta, gab da Magariba

An sallame ta. Lami ta riga ta gyara ɗaki, ta sa an faskara itace, ta wanke babbar tukunyar wankan jego. A cikin A Daidaita Sahu ta shigo layinmu ina zaune a ƙofar gida. Ba ta tsaya ba. Gidan Rabe ta wuce, wai can za ta yi wankan, wurin Ma'u matarsa.

Lami ta dawo a ƙafa, ta kife tukunyar a bayan ɗaki.

Na ce mata ba komai, ai can ɗin ma gida ne. Kuma ya fi sauƙi ga Rabe ya samu lokacin magana.

Litinin, 11 ga Agusta, da safe

Rabe ya ce gobe.

Laraba, 13 ga Agusta, da safe

Gobe. Wai jiya 'yan dubiya sun yi yawa.

Na yi wa wata motar gawayi aikin as don in samu abin yi da hannuna. Na kankare, na ɗaure, na shafa. Direban ya tsuguna yana leƙena tun daga farko har ƙarshe. Da can tafiya shan shayi suke yi su bar ni.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan La'asar

Ya yi maganar.

Lami ce ta dawo daga can fuskarta a kumbure. Sai da na tambaya sau uku. Ta ce yarinyar ta ce, "Inna, Baba Rabe ya zaunar da ni jiya. Ya ce in yahe ma Baba. Ya ce tsuhwa ne ya hwara kama shi, hannu kan manta. Ya ce shi kanshi Baba ya sani, shi ya sa ya kasa zuwa. Na yahe mashi, Inna. Amma kada a ce in zo gidan yanzu."

Ta yafe mini.

Na tashi na shiga ɗaki, na fito, na sake shiga. Lami ta ce mene ne, sai na gaya mata komai, fentin da notin da kukan bayan rumfa. Ta dafe ƙirji ta ce, "Malam, kana da wagga magana kwana tara kana zaune? Ka aiki mai laihi ya wanke ka?"

Wa zan aika? Shekara ashirin da shida shi nake aika.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan Azahar

Rumfarsa a rufe. Wai ya tafi Kunduru walda. Rabe da ba ya fashin Juma'a a masallacinmu ko yana zazzaɓi.

Asabar, 16 ga Agusta

Ban ce komai ba. Ba wanda zan ce wa.

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan Magariba

An kira mu Ƙofa, zaman ƙungiya, a zauren Alhaji Mamuda shugabansu. Ni da Rabe da Manu direba. Zainu yana gefe, idonsa a kan tabarma. Tun ranar Lahadin can bai dube ni ba.

Manu ya faɗi nasa. Hayaƙi, wari, fitilu sun mutu, an tura ta ba ta tashi ba. Babu sabis a kwarin. Sai da wani mai shanu ya zo da amalanke. Ya fara faɗin abin da ya ji daga kujerar baya, Alhaji ya ɗaga masa hannu, Allah ya saka masa.

Aka juyo kan Rabe. Na ba shi wannan damar ma, Allah ne shaida. Na sunkuyar da kai don kada ya ji kunyar idona.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ƙarhe na sani da launi. Abin da ya shahi wuta ban taɓa taɓawa ba. Amma ina roƙon arziki a yi ma Ɗalha uzuri. Shi ya hi kowa asara."

Aka yi ta cewa Allah sarki, aboki ke nan.

A nan na buɗe baki. Na faɗi yadda wuta ke komawa gida, na faɗi noti, na faɗi shuɗin fenti. Na sani na yi tsawo, har wani tsoho ya ce a bar mu da karatun waya. Alhaji Mamuda ya ce magana ta yi sauƙi, motar tana nan, gobe za su zo Kankiya su gani da idonsu.

A mota ɗaya muka dawo da Rabe. Ya biya mini, ya sayi gyaɗa ya miƙo. Na ga hannunsa ba ya rawa ko kaɗan, ban gane dalili ba.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan Azahar

Na gane.

Alhaji Mamuda, Zainu, Manu, da rabin gareji. Aka ɗaga motar. Ni na miƙa wa Zainu sifana na ce ya kwance da hannunsa. Ya kwance, ya ɗaga wayoyin.

Ƙarfe fari tas, yana ƙyalli. Ko ɗigon shuɗi babu, har bakin wayoyin an goge.

Zainu ya fito ya karkaɗe gwiwarsa. Karo na farko ya dube ni. Ya ce, "Baba, da ka ƙyale shi hakanan. Mun riga mun bar ma Allah."

Sai Rabe ya matso a gaban kowa ya dafa kafaɗata. "Ba komi Ɗalha. Baƙin ciki ka sa mutum hwaɗin abin da bai gani ba. Ni na yahe maka."

Mutum biyu ke nan suka yafe mini a mako guda.

Talata, 19 ga Agusta

Ban fita ba.

Alhamis, 21 ga Agusta, da hantsi

Ruwa tun Asuba. Lami ta kawo koko ta tsaya a kaina. Ta ce, "Malam, kada ka ji haushi. Ka tabbata ka ga fentin nan? Ka san ranar ba ka cikin hayyacinka."

Har ita.

Abin haushin, bayan ta fita na buɗe shafin farko na littafin nan na sake karantawa, don in tabbatar.

Asabar, 23 ga Agusta, bayan La'asar

An ce labarin ya kai gidan Rabe. An ce ta Ƙofa ta ce, kuskuren ta iya ɗauka, amma ƙagen da aka yi wa Baba Rabe ne ya fi yi mata ciwo. Ta hana Lami kai mata kunun kanwa daga gidan nan, ta ce na Ma'u ya isa.

Ina tuna ranar da Rabe ya kwanta asibiti da ƙarfe a ido, wata biyu ni ke buɗe rumfarsa. Ina tuna aikin hajjin da muka ce tare za mu. Ba na son tunawa, suna zuwa ne da kansu.

Ruwa har yanzu.

Lahadi, 24 ga Agusta

Mako uku.

Talata, 26 ga Agusta, bayan Azahar

Na je gareji kwashe kayan aikina, don na yanke shawara in koma yi a ƙofar gida. Motar tana nan inda aka bar ta, ciyawa ta fara fitowa gindin tayoyin. Ban yi niyya ba. Ƙafafuna ne suka kai ni, sai ga ni kwance a ƙarƙashi.

Wurin ya yi ja. Tsatsa, jawur, faɗin tafin hannu, ta zagaye notin. Kuma a cikin tsatsar ana ganin zanen samfefa, zagaye-zagaye, irin gugar masu gyaran bodi.

Ya ji "kankare" a bakina, ya ji "ɗaure". Na ukun ne, "shafe da giris", bai taɓa saurara ba. Shekara talatin da ɗaya yana kirana Giris.

Na yi dariya a ƙarƙashin motar nan har hawaye ya shiga kunnena.

Laraba, 27 ga Agusta, bayan Asuba

In kira Alhaji Mamuda? Zai ce tsatsa ai tsatsa ce, damina ake. Zainu zai ce Baba ya sake tasowa. Ba su san hannuna ba, kuma ba don su nake ba.

Mutum ɗaya ce ta tashi a gidan da ko marfin rijiya ba ya ƙara saboda giris.

Lami ta ce za ta je ta gaya mata. Na ce a'a. Na gama aike.

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan La'asar

Na sa wankakkiyar riga na tafi gidan Rabe da hantsi. Yana zaune a zaure yana karin kumallo. Ya ce bismillah. Na wuce shi na tsaya a bakin ƙofar cikin gida, inda ban taɓa wucewa ba, na yi sallama. Ma'u ta amsa, ta ce wa ake nema.

Na ji kamar zan tuɓe riga a kasuwa.

Na ce, "Kamila."

Bai fito da kyau ba. Na sake, da ƙarfi, yadda har maƙwabta suka ji. "Kamila! Ubanki ne. Hito."

Na ji cokali ya faɗi a zaure. Ta fito da zanin jego da hijabi a karkace, ta rame, idanun nan duk sun faɗa. Tana kallona kamar ba ta taɓa jin sunan ba.

Na ce, "Ba na roƙon ki yarda da ni. Ki zo ki ga abu guda, in mayar da ke."

Rabe ya taso. "Haba Ɗalha, mai jego? Cikin wanga sanyi?" Ta dube shi, ta dube ni. Ta koma ta sako takalmi.

Na tsayar da A Daidaita. A gareji na shimfiɗa mata kwali, na ɗaga gefen motar yadda ba sai ta kwanta ba. Na haska mata. Na ce ga inda aka ce aikina ne, sa yatsa.

Ta sa. Ta fito da shi ta duba. Ja.

Ta daɗe tana kallon yatsan. Ta murza shi da babban yatsa, ta kai hanci. Sai ta miƙa hannu can gefe, kan wani noti na wayar fitila da ba wanda ya taɓa tun da na ɗaure shi, ta shafa. Baƙi, mai maiƙo. Ta jera yatsun biyu a gaban fuskarta.

Ta ce, "Baba, har yau zanin gadon nan bai hita ba. Na wanke ya hi sau ashirin."

Sai ta zauna a kan kwalin, ta rufe fuska da hannun nan mai ja da baƙi. Na tsuguna. Ban san yadda ake yi ba, ban taɓa yi ba. Na dafa kanta.

Rabe ya biyo mu ashe. Yana tsaye nesa, wajen rumfarsa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba Rabe, kwana goma sha tara ina cin tuwon gidanka." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Ta ce wa mai A Daidaita layinmu.

Juma'a, 29 ga Agusta, bayan an sauko daga masallaci

Lami ta tayar da tukunyar tun da Asuba. Hayaƙi ya cika gidan, ban taɓa jin daɗin hayaƙi haka ba. Kamila ta ce za ta kira Zainu da kanta. Ya yarda ko kada ya yarda, gari ma haka. Kamila ta sani. Kamila. Ga shi ina ta rubutawa kamar ɗan aji ɗaya.

A masallaci Rabe ya zo ya tsaya kusa da ni a sahu, inda ya saba, kafaɗa da kafaɗa. Ban matsa ba, sahu ba nawa ba ne. Da aka sallame ya miƙo hannu. Na dubi hannun.

Tun ranar farko akwai abin da nake kewayewa a littafin nan. Bari in rubuta shi in huta.

Namiji ne ta haifa. Shekara shida suna jiransa. A kan amalanke ya zo, bai yi kuka ba, don haka ba a yi masa salla ba. Zainu ya riga ya gaya wa Lami sunan da za su sa, nawa ne. Da za mu maƙabarta da yammacin ranar, aka miƙo mini shi a ɗan farin ƙyalle, hannuna ya kasa. Rabe ya ce kawo, ya karɓa, shi ya rungume shi har bakin rami. Ina bayansa ina cewa a raina, Allah ka ba kowa aboki irin wannan.

Na ga farcensa a kan farin ƙyallen nan. Duk goman da shuɗin fenti a ƙarƙashi.

Yau ya yanke su tas. Na bar hannun a miƙe, na ɗauki takalmina.